Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Afirka ta Yamma: ku cire asalin mutane daga siyasarku

Masu girma shugabannin ƙasashen ECOWAS da na AES, ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar da ta dace da kujerun da Allah ya ɗora ku a kai. Na san tun watan Janairun 2025, da Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS, ba ku zama a zaure ɗaya. Duk da haka na haɗa ku a takarda ɗaya, domin ciwon da ya sa na ɗauki alƙalami bai ƙyale kowane ɓangare ba, da masu babbar riga da masu kaki.

Ciwon shi ne ɗabi'ar nan ta mai mulki, ko mai neman mulki, wanda in ya ji kujera tana rawa ko baitulmali ya yi ƙasa, sai ya nuna wa talakawa wani mutum ya ce ga wanda ya hana ku ci, kuma ma ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ni Bahaushe ne, Bahaushe kuwa ya san wannan magana ta gaba da ta baya. A Kano ko Maraɗi shi ne ɗan gari, shi ake zugawa a ce baƙi sun cinye kasuwa. A zangon Kumasi, ko Nima ta birnin Akara, ko Adjame ta Abijan, shi ne baƙon, ko da a nan aka binne kakansa. Ba zan kai ku nesa ba. Abin da ya faru a Kwaddibuwa ya ishe mu darasi, kuma da yawanku kuna raye kuna kallo aka yi shi.

Félix Houphouët-Boigny ya mulki ƙasar daga 1960 har rasuwarsa ranar 7 ga Disamban 1993. Ba waliyyi ba ne, shekara 30 ya yi yana mulkin jam'iyya ɗaya. Amma ya buɗe ƙofa, ya ce ƙasar noma ta wanda ya noma ta ce. Mutanen Burkina da Mali da Gini da Nijar suka kwarara, suka sare daji suka dasa koko da kofi, har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar ana lissafa su a baƙi, alhali da yawansu a can aka yanke musu cibiya. Sai farashin koko ya faɗi warwas a ƙarshen shekarun 1980, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Samarin da suka yi boko suka rasa aiki a Abijan, suka koma ƙauye, suka tarar gonakin da iyayensu suka sayar ko suka ba da aro suna hannun wasu. Wannan kuka ne na gaskiya, yana kuma neman amsa ta gaskiya: a tantance filaye, a samar da aiki, a faɗa wa mutane inda kuɗin koko ya shiga.

Henri Konan Bédié, wanda ya gaji kujerar, wata amsa daban ya ba su. Ya ɗaga aƙidar da aka kira ivoirité, wato waye ɗan Kwaddibuwa na asali. Ya ce maganar al'ada ce da haɗin kan ƙasa. Amma a Disamban 1994 aka gyara dokar zaɓe, aka ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai uwarsa da ubansa duka haifaffun 'yan ƙasa ne, kowa kuma ya san wanda aka ɗinka wa wannan riga. Alassane Ouattara ne, tsohon firayim ministan Houphouët, Musulmi ɗan asalin arewa, wanda aka ce ubansa mutumin Burkina ne. Mutumin da ya riƙe gwamnatin ƙasar daga 1990 zuwa 1993, aka wayi gari wai baƙo ne.

Ranku ya daɗe, a nan nake roƙon ku tsaya ku duba da kyau, domin daga fada ba a cika ganin yadda magana ke sauka a titi ba. Motar haya ta taso daga Korhogo za ta Abijan. A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da katinsa. Wanda sunansa Kouassi ko Konan, a miƙa masa nasa ya koma mota. Wanda sunansa Coulibaly ko Traoré ko Koné, ko aka gan shi da doguwar riga da hula, a ware shi gefe: ina ka samo katin nan? Wani ya ba da cin hanci ya wuce, wani a yaga katin a kan idonsa. Wanda ba shi da kati kuwa ba zai yi zaɓe ba, ba zai mallaki takardar gona ba, ɗansa ma rubuta jarrabawa sai ya zame masa aiki. An yi doka don a tare mutum ɗaya, sai ta faɗa kan miliyoyin 'yan arewa da ake yi wa kuɗin goro da sunan Jula, waɗanda ba su da wata ƙasa sai wannan. Adalci ne kuma a faɗa cewa katin zaman baƙi, wanda ya ba 'yan sanda hujjar tare mutane a hanya, a zamanin firayim minista Ouattara aka shigo da shi don tara wa gwamnati kuɗi.

Daga nan abin ya yi ta gangarawa. Dokar filaye ta 1998 ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke mallakar ƙasar noma. A Nuwamban 1999 rikicin gona a yankin Tabou ya sa aka kori 'yan Burkina sama da 10,000 daga gonakin da suka raina da hannunsu. Janar Robert Guéï ya kifar da Bédié ranar 24 ga Disamban 1999, ya ce ya zo share gida ne ya tafi. Da ya ɗanɗana kujera, shi ma sai ya ɗauki makamin da ya tarar: kwanaki kaɗan kafin ƙuri'ar raba gardama ta Yulin 2000, aka canja sharaɗin takara a sabon kundin tsarin mulki daga uba ko uwa zuwa uba da uwa. Kotun ƙoli ta cire Ouattara, ta haɗa har da Bédié. Laurent Gbagbo ya hau a watan Oktoba, kuma a cikin makon da ya hau aka tsinci gawa 57 a jibge a bayan unguwar Yopougon, akasarinsu samarin arewa. An gurfanar da jandarmomi takwas a 2001, kotun soja ta sallame su.

Ranar 19 ga Satumban 2002 bindiga ta karɓi magana. Ƙasa ta rabu biyu, 'yan tawaye suka kafa hedikwata a Bouaké, babban kukansu kuwa shi ne katin ɗan ƙasa. A Abijan jami'an tsaro suka bi unguwannin talakawa da baƙi suka fi yawa suna rushewa suna ƙonawa. Su ma 'yan tawayen hannunsu ba tsarkakakke ba ne, sun kashe jandarmomin da suka kama a Bouaké. Bayan zaɓen Nuwamban 2010, wanda Gbagbo da Ouattara kowa ya ce shi ya ci, aka rasa rayuka kusan 3,000 cikin 'yan watanni. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidun yadda samari masu goyon bayan Gbagbo suka riƙa tare 'yan Mali da Burkina da Nijar a shingayensu, wasu aka ƙone su da ransu. A ƙarshen Maris na 2011 kuma, da dakarun ɓangaren Ouattara suka shiga garin Duékoué, aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu 'yan ƙabilar Guéré, don ana ganin mutanen Gbagbo ne. Waɗanda aka yaga wa kati jiya, yau a ɓangarensu ake tambayar ƙabilar mutum kafin a harbe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Bédié, uban wannan aƙida, ya ƙulla ƙawance da Ouattara a 2005, a zagaye na biyu na zaɓen 2010 kuma ya umarci magoya bayansa su zaɓe shi. Wanda ya ce mutum ba ɗan ƙasa ba ne, shi ne ya ce a ba shi ƙasar. Ashe tun farko ba asalinsa ake shakka ba, ƙuri'unsa ake tsoro. Kotun duniya ta ICC ta wanke Gbagbo a 2019, ya koma gida a 2021. A Yulin 2022 su ukun suka zauna a fadar shugaban ƙasa Ouattara suna musabiha ana ɗaukar hoto. Ba na ƙin sulhu, Allah ya sani. Amma Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a wannan harka kuwa ban ga haka ba. Masu jan ruwan suna cikin soro, uwar da ɗanta ke cikin gawarwakin Yopougon da wadda mijinta ke kabarin Duékoué su ruwan ya doka. An gyara wancan sharaɗi na uba da uwa a kundin 2016, amma a Afrilun 2025 wata kotu ta cire jagoran adawa Tidjane Thiam daga rajistar masu zaɓe, bisa hujjar cewa ya rasa zama ɗan ƙasa tun da ya karɓi takardar Faransa a 1987. Lauyoyi suna iya yin muhawara a kan ayar doka. Talaka dai abin da ya gani shi ne an sake tsayar da ɗan adawa a bakin ƙofa da tambayar ɗan wace ƙasa ne, a ƙarƙashin mulkin wanda ya fi kowa sanin ɗacin wannan tambaya.

Kada wani a cikinku ya ce ai wannan halin mutanen Abijan ne. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana, ba ta cika wata uku a kan mulki ba, ta ba baƙin da ba su da takarda kwana 14 su fice. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo, dubban ɗaruruwa, suka karyar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Har yau dattawan zango suna ba da labarin. An ce in baƙi suka tafi arziki zai dawo. Bai dawo ba, soja suka kifar da Busia a Janairun 1972. A Janairun 1983 Najeriya ta rama. Farashin mai ya faɗi, zaɓe na tafe a watan Agusta, sai gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, ta ba da wa'adin mako biyu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Cadi da Kamaru. Mutane suka cunkushe a iyakar Seme da tashar jirgin ruwa ta Apapa, wasu suka mutu a hanya. Wannan fa shekara huɗu ke nan bayan ECOWAS ta sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979. An ci zaɓen, mulkin bai kai sabuwar shekara ba. Gwamnatin soja da ta gaje shi ta maimaita korar a 1985. Jakar nan mai ratsi-ratsi da ke ƙarƙashin gadon kowane gida, wadda 'ya'yanmu ke zuba kayan makaranta a ciki, sunanta Gana-mas-go daga wannan wulaƙanci ta samo shi.

Tare abokin hamayya da maganar asali ma mun iya. A Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, suka kai shi suka ajiye a Cadi wai can ne ƙasarsa, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A 2019 jam'iyya mai mulki ta gaya wa kotun sauraron ƙarar zaɓe cewa Atiku Abubakar, wanda ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, haifaffen Kamaru ne. A Nijar, gabanin zaɓen 2020, 'yan adawa suka kai ƙara cewa Mohamed Bazoum ba ɗan ƙasa na asali ba ne. A Legas a 2023 aka yi wa wani ɗan takarar gwamna gori da cewa uwarsa Ibo ce, aka kuma tsorata 'yan ƙabilar a rumfunan zaɓe. Mu ma 'yan arewa muna da namu: a Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka tsaya a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin arewa, wasu manya kuma suka ɗaure musu gindi maimakon su tsawatar.

A wajen yankinmu ma haka abin yake, sai dai a canja suna. Slobodan Milosevic ya tara jama'a a Kosovo ranar 28 ga Yunin 1989 ya tono musu yaƙin da aka yi shekara 600 baya. A 1995 aka kashe maza da yara Musulmi kusan 8,000 a Srebrenica. A Ruwanda, Léon Mugesera, jigo a jam'iyya mai mulki, ya ce a 1992 za a mayar da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 kogin ya ɗauki gawarwaki. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce shigowar baƙaƙen fata makirci ne na sauya al'ummar ƙasarsa. Cikin 'yan kwanaki aka fara fitar da su daga gidajen haya ana dukansu a titi, har sai da Gini da Mali da ita kanta Kwaddibuwa suka tura jirage kwaso mutanensu.

Ba ina cewa son ƙasa laifi ba ne. Ɗan Nijar da ke son ƙasarsa ta riƙe arzikinta da tsaronta a hannunta yana da gaskiya, haka ɗan Najeriya da ke son a san mai shiga da mai fita. Amma tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 muna jin harshenku yana ƙara kaifi. ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai kai tumatir da albasa tsakanin Illela da Ƙonni, da matar da gidan aurenta ke Jibiya iyayenta na Maraɗi, da mara lafiyar da ke kwance a asibiti babu wuta. Daga ɗaya ɓangaren kuma, a Disamban 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. In akwai hujja, akwai teburin da ake baje ta. Amma in aka jefa irin wannan zargi a kunnen jama'a, da safe za ka tarar da yaran Kano da na Damagaram suna zagin juna a Facebook da TikTok, yaran da watakila kakarsu ɗaya.

Wanda na fi ji wa tsoro a yau shi ne Bafulatani. Babu mai musun cewa akwai Fulani cikin 'yan bindigar daji da masu iƙirarin jihadi, kamar yadda akwai wasunsu. Amma an kai inda sunan ƙabilar ya zama tuhuma. A Ogossagou ta ƙasar Mali, a Maris na 2019, an kashe Fulani kusan 160 a rana ɗaya, da mata da yara. Har a cikin gidanmu an fara jin masu raba Hausa da Fulani, mutanen da aure da nono suka cakuɗa tun kaka da kakanni. Duk lokacin da gwamna ko minista ko kwamanda ya ambaci ƙabila a inda ya kamata ya ambaci sunan mai laifi, ya sani akwai ɗan sa-kai da bindiga a ƙauye da zai ɗauki maganar a matsayin izini.

Abin da nake nema gare ku bai fi ƙarfinku ba, galibinsa ma kun riga kun sa masa hannu. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya haramta korar baƙi jumla. Ku fito ku faɗa da bakinku, kowa a ƙasarsa, cewa ba za a sake yin 1969 ko 1983 ba, komai tsananin da tattalin arziki ya shiga. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 ta hana taɓa dokar zaɓe wata shida kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan masu ruwa da tsaki. Wata shida bai isa ba, dokar Bédié wata goma ta riga zaɓen 1995. Duk wanda ƙasa ta taɓa ba fasfo, ta karɓi harajinsa, ta naɗa shi muƙami, kada a tono asalin iyayensa ranar da ya ce yana son kujera. A 2015 ministocinku suka taru a Abijan, ba a wani gari ba, suka yi alƙawarin kawo ƙarshen zaman mutane ba su da ƙasa. Hanyar cika shi a bayyane take: takardar haihuwa kyauta ga kowane jariri, har na ruga da na zango da na ƙauyen bakin iyaka, a kuma hukunta jami'in da ya hana mutum kati saboda sunansa ko kamanninsa. A Najeriya, ku duba takardar indijin da ke mayar da wanda aka haifa a Jos ko Sabon Garin Kano baƙo a garinsu.

Na san ba kasafai shugaba ke furta mummunar kalmar da bakinsa ba. Kakaki ne ke faɗa, ko shugaban matasan jam'iyya, ko yaran da ake saya wa data, ko gidan rediyon gwamnati. Shirunku shi suke ɗauka a matsayin umarni. Ranar da ɗayanku ya sallami na kusa da shi saboda ya kira wata ƙabila baƙi ko maciya amana, ya kuma bayyana dalilin sallamar, sauran za su shiga taitayinsu.

Sai maganar iyaka. AES ta ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza, ECOWAS ma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har sai abin da hali ya yi. Sanarwa ce, wadda fushin rana ɗaya zai iya sokewa. Ku zauna ku mayar da ita yarjejeniya a rubuce, wadda za ta ce ko shugabanni sun ɓata, ba za a rufe hanya ga fatake da makiyaya da masu zumunci ba, ba za a yanke wuta ko a tare magani ba, ba kuma za a taɓa mazaunin wata ƙasa saboda laifin gwamnatinsa ba. Ku buga ta da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Bambara da Yarbanci, a manna a kowane shingen kan iyaka, yadda direba zai iya nuna wa jami'i da yatsa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku mashawarta masu faɗa muku gaskiya.

Wassalam,
Wani talakanku daga ƙasar Hausa